Jakar Da Ta Ƙi Shiga: Sharhi Kan Fim Ɗin Carry-On

Ranar 13 ga Disamba 2024 kamfanin Netflix ya saki wani fim mai suna Carry-On, wato sunan da Turawa ke kiran jakar hannu, wadda fasinja ke shiga da ita cikin jirgi ba tare da ya miƙa ta an kai ƙasa ba. Jaume Collet-Serra, mutumin Sifaniya, shi ne darakta, T.J. Fixman kuma ya rubuta labarin. Kafin a ce me, fim ɗin ya shiga sahun waɗanda aka fi kallo a tarihin kamfanin. Wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a ɓata masa daɗi, to ya dakata a nan ya je ya kalla tukuna, domin zan fasa ƙwan har ƙarshe. Abin da ya ja ni ga rubutun nan yana cikin mintunan ƙarshe ne, kuma ina zaton masu fim ɗin da kansu ba su auna nauyin abin da suka faɗa a wurin ba.

Labarin a taƙaice. Ethan Kopek, wanda Taron Egerton ya fito a matsayinsa, ma'aikacin hukumar TSA ne, masu binciken fasinja da kayansu a filayen jiragen saman Amurka. Yana aiki a filin Los Anjelis, wurin da mutum kusan miliyan 75 suka ratsa a 2023. Ya so zama ɗan sanda bai samu ba, sai ya zauna a wannan aikin ba don yana so ba, shekaru suna tafiya babu ƙarin girma. Budurwarsa Nora, wadda ke aiki da wani kamfanin jirgi a filin, ta samu ciki. Ran jajibirin Kirsimeti, ranar da layi ya fi tsawo, zuciya ta ɗebe shi ya roƙi maigidansa a ɗora shi kan na'urar haska kaya don ya nuna bajinta. Abokinsa Jason ya bar masa kujerar. Ashe kujerar ce aka ɗana wa tarko. Sai ga ɗan abin sauraro na kunne an tsinta cikin tire, sai ga saƙo a waya cewa ya sa shi. Muryar da ya ji ta gindaya masa sharaɗi guda: akwai wata baƙar jaka mai jan ƙyalle da za ta zo, ya ƙyale ta ta wuce, in ba haka ba Nora ta mutu. Abin da ke cikin jakar kuwa guba ce mai suna Novichok, wadda za a saki cikin jirgi.

Bari in fara ba Collet-Serra haƙƙinsa. Mutum ne da ya ƙware wajen kulle jarumi a wuri guda ya hana shi numfashi. Ya yi haka da Liam Neeson cikin jirgin sama a Non-Stop na 2014, ya sake cikin jirgin ƙasa a The Commuter na 2018. Wanda ya kalli Phone Booth ko Die Hard 2 zai gane iyayen wannan fim tun daga nesa, kuma babu laifi a ciki. Kusan sa'a guda ta farko, abin da Ethan ke yi bai wuce zama kan kujera da kallon allo ba, amma mai kallo ba ya iya tashi ko ruwa ya sha. Sirrin yana wajen Jason Bateman, bos ɗin fim ɗin, wanda ba a ma faɗi sunansa ba, Matafiyi kawai ake kiransa. Bateman ya yi suna a wasan barkwanci, sai ya kawo wannan muryar tasa mai sanyi, ta mutumin da ya gaji da yi wa yaro bayani, ya zuba ta a kunnen Ethan. Ba ya ihu. Yakan yi masa nasiha ma kan rayuwarsa, ya nuna masa cewa ai dama can shi rago ne, don haka yau aikinsa ya zo daidai da halinsa: kada ya yi komai. Wannan dabara ta rubutu ta yi kyau ƙwarai, domin laifin da ake nema daga jarumin shi ne ya kau da kai na ƴan daƙiƙu.

To yanzu ga inda nake son mu tsaya. Jakar hannu dokoki biyu ne ke hawa kanta, kuma yawancin fasinjoji sukan ɗauke su abu guda saboda a rana ɗaya suke cin karo da su. Ta farko tana tambayar abin da ke cikin jakar, kuma ta gwamnati ce. Ta biyu tana tambayar girmanta da nauyinta, ita kuwa ta kamfanin jirgi ce, ma'aikacin TSA ba ruwansa da ita.

Dokar farko, in mutum ya bi tarihinta, kusan kowane sashe nata ihu ne bayan hari. An kafa TSA a Nuwamba 2001, wata biyu bayan harin 11 ga Satumba. A Disamban shekarar Richard Reid ya yi ƙoƙarin tayar da bam ɗin da ya ɓoye cikin takalmi a jirgin da ya taso daga Paris zuwa Miami. Daga baya aka wajabta wa fasinjojin Amurka cire takalmi, ba a janye ba sai Yuli 2025. A Agusta 2006 ƴan sandan Birtaniya suka kama masu shirin haɗa bam da ruwa cikin kwalaben lemo. Daga nan aka samo iyakar mililita 100 da ƴar ledar nan mai nuna ciki, dokar da ta bi duniya har ta iso kowane filin jirgi da muke tashi. Ita ce ta sa ake ƙwace turare da zuma da man shafawa a bakin na'ura, har hukumar ta fito a 2023 ta bayyana cewa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ma ruwa ce a wajenta.

Doka ta biyu kuwa kasuwa ce ta haife ta. A 2008, da man fetur ya yi tsada, American Airlines ya fara karɓar dala 15 kan akwatin farko da fasinja ya miƙa, sauran manyan kamfanoni suka bi. Mutane ba wawaye ba ne, sai kowa ya koma cusa kayansa cikin jakar hannu, ma'ajiyar saman kujera ta cika, rigima ta dawo bakin ƙofar jirgi. Manyan kamfanonin Amurka suka tsaya kan awon inci 22 da 14 da 9, kimanin santimita 56 da 36 da 23, aka kafa wannan ƙarfen awo da ake cewa ka zura jakarka a gani. A 2023 kaɗai kamfanonin jiragen Amurka sun tara fiye da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya. Ana saura ƴan makonni a saki fim ɗin, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa kamfanin Frontier na ba ma'aikacin ƙofa dala 10 kan kowace jaka da ya kama ya sa aka biya mata kuɗi. A watan Nuwamban nan dai, ƙasar daraktan, Sifaniya, ta ci tarar kamfanoni biyar masu arha Yuro miliyan 179, kuma cajin jakar hannu na cikin laifuffukan. Kenan wanda ke duban jakarka a ƙofa yana lumshe ido yana auna ta da kallo, ba lallai ba ne tsaron ranka ne a gabansa.

Yanzu mu koma fim. Jakar gubar ta wuce na'ura. Ta wuce duk wani shinge da gwamnatin Amurka ta kashe biliyoyi ta kafa. Ɗan sandan filin da Ethan ya yi ƙoƙarin sanarwa ta hanyar rubutu a ɓoye kan katin shiga jirgi, an kashe shi. Mutumin da aka tilasta wa ɗaukar jakar, shi ma ya mutu. Matafiyi ya karɓi kayansa da hannunsa ya shiga jirgin Washinton, inda ƴar majalisar da ake hari take zaune. Me ya hana shi cika aiki? Kafin Ethan ya miƙa masa, ya juye kayan cikin wata jaka mai kama da ta farko amma ta ɗan fi ta girma. Da ya zo sa ta a ma'ajiyar saman kujera, ta ƙi shiga. Ma'aikatan jirgi suka yi abin da suke yi wa kowa kullum, suka karɓe ta aka kai ƙasa wurin akwatuna, inda Ethan ya samu ya kai gare ta.

Na yi dariya a wannan wurin, kuma na tabbata an so a yi dariyar. Mutumin da ya fi ƙarfin ƴan sanda da kwamfutoci da kyamarori, ƴan santimita suka kayar da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar jirgi yana danna jaka da kafaɗa, mutane talatin a bayansa suna tsaki, zai ji wani sanyi a ransa ganin bos ma bai tsira ba. A fannin gina labari kuma ba abin da za a ce: sunan fim ɗin da kansa ne ya dawo ya warware ƙullin, ba a jawo wani abu daga waje ba.

Amma a duba abin da wannan ƙarshe ke nufi. Fim ɗin ya kwashe fiye da sa'a guda yana gaya mana cewa idon ma'aikacin da ke kallon allo shi ne katanga ta ƙarshe tsakanin fasinja da mutuwa, har mugu ya ɗauko maharbi da mai kutsen kwamfuta don ya rufe wannan idon. Sannan ya zo ƙarshe ya nuna katangar ba ta tare komai ba. Abin da ya tare shi ne ƙarancin wuri a saman kujera, matsalar da kamfanoni suka ƙirƙira da kansu suka mai da ita hanyar kuɗi, haɗe da ma'aikaci guda da ya taka kusan kowace ƙa'idar aikinsa tun safe. Da marubucin ya tsaya kan wannan ya tona shi, da mun samu fim mai haƙori. Sai ya mai da shi raha ya wuce, ya koma dambe da harbi a ɗakin kaya.

Kuma duniyar gaske ta fi kusa da ƙarshen fim ɗin fiye da farkonsa. A 2015 labari ya fito cewa masu binciken ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka sun gwada shigar da makamai da bama-baman bogi ta shingayen TSA sau 70, suka yi nasara sau 67. Muƙaddashin shugaban hukumar ya rasa kujerarsa a kan haka. Ba na cewa shingen banza ne. A 2023 ma'aikatan sun kama bindigogi 6,737 a bakin na'ura, mafi yawansu da harsashi a ciki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai Matafiyin fim ɗin, wanda aka nuna mana ya san komai, ya ɗauki na'urar da girman da masu gwada ta ba su same ta da shi ba. Masanin tsaro Bruce Schneier ya daɗe yana kiran irin waɗannan matakai wasan kwaikwayon tsaro, wato abin da ake yi don mutane su ji an yi wani abu. Abin mamaki ne a ce masu sana'ar wasan kwaikwayo su shiga wurin nan ba su gane ɗan'uwan sana'arsu ba.

Ko gubar ma, an kumbura ta don ta cika jaka. Novichok ɗin da aka yi amfani da ita a garin Salisbury na Ingila a Maris 2018 kan Sergei Skripal da ɗiyarsa, a cikin ƴar kwalbar turare aka same ta, wadda ba ta kai kusa da mililita 100 ba. Ita ce ta kashe Dawn Sturgess bayan wata huɗu, lokacin da aka tsinci kwalbar aka ba ta a matsayin kyauta. Kwalba irin wannan za ta kwanta cikin ledar ruwa tare da man goge baki, daidai da doka. Na fahimci dalilin darakta, kyamara na son wayoyi da agogo mai ƙirga daƙiƙu. Amma ƙaramar kwalbar ta fi ban tsoro, kuma da ita aka yi, da babu fim, domin babu wanda za a tilasta wa kau da kai.

Inda fim ɗin ya taɓa gaskiya sosai shi ne cewa da ɗan gari akan ci gari. A Fabrairu 2016, bam ɗin da ya huda jirgin Daallo bayan tashinsa daga Mogadishu, cikin kwamfutar hannu yake, kuma kyamarori sun nuna an miƙa wa mai shi ne bayan ya wuce bincike. A filin Los Anjelis ɗin kansa, a 2012, an gurfanar da ma'aikatan TSA na lokacin da tsofaffi bisa zargin karɓar cin hanci don barin jakunkunan miyagun ƙwayoyi su wuce na'ura. Ba maharbi, ba garkuwa da kowa, kuɗi kawai. Fim ɗin ya zaɓi bindiga a kan Nora ne don kada hannun jaruminsa ya yi datti, alhali abin da ya nuna mana na rayuwar Ethan, ƙaramin albashi da ciki a gida da raini daga sama da ƙasa, ya isa ya buɗe wata ƙofar da ta fi wuyar kallo. Waɗannan ma'aikata ne fa da suka yi kwana 35 suna zuwa aiki ba albashi, daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019, lokacin da rikicin kasafi ya rufe gwamnatin Amurka. Kuma a wannan filin ne aka harbe ɗayansu, Gerardo Hernandez, a bakin aiki ranar 1 ga Nuwamba 2013. Tausayin da fim ɗin ya nuna musu ya dace, ban ga laifinsa ba.

Laifinsa yana ɗaya gefen na'urar. Fasinjoji a Carry-On taron masu ƙorafi ne: wannan na masifa, wancan na gardama kan abin da aka hana shi, ma'aikata kuma na wasan cankar haramtattun kayan da za su tsinta ranar. An yanka su gajere-gajere don dariya. In ka cire wanda aka tilasta wa ɗaukar jakar, babu fasinja guda da kyamara ta raka daga farkon layi zuwa ƙarshe mu ji abin da yake ji. To amma su wa suka danne Richard Reid? Ma'aikatan jirgi da fasinjoji. Ran Kirsimetin 2009 kuma, lokacin da Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da abin da ya ɓoye a jikinsa cikin jirgin Amsterdam zuwa Detroit, ya riga ya wuce bincike a Legas da Amsterdam, kuma mahaifinsa ya riga ya kai gargaɗi ofishin jakadancin Amurka a Abuja makonni kafin nan. Wani fasinja ɗan ƙasar Holan ne ya tsallake kujeru ya danne shi. Fim ɗin da ya zaɓi Kirsimeti da filin jirgi da makami a jikin fasinja, bai kamata ya mai da mutanen layi abin dariya kawai ba.

Abin da ya biyo bayan wannan ranar kuwa, da yawa cikin masu karanta wannan sun ɗanɗana ko sun san wanda ya ɗanɗana. A Janairu 2010 Amurka ta ware ƙasashe 14, har da Najeriya da Sudan da Aljeriya da Libiya, ta ce duk mai fasfonsu ko wanda ya biyo ta cikinsu sai an lalube shi an zazzage jakar hannunsa. Sai a Afrilu aka janye. A Maris 2017 aka hana shiga da kwamfutar hannu cikin jiragen da ke zuwa Amurka daga filaye goma, cikinsu har da Kasabalanka da Alƙahira da Istanbul da Jidda, mashigar matafiyan yankinmu. An bar jaki ana dukan taiki. A gefe guda kuma akwai layin PreCheck, inda wanda aka tantance ya biya kuɗinsa yake wucewa ba ya fitar da ledar ruwa ba ya fitar da kwamfuta. Doka ɗaya ce a takarda, amma nauyinta ya danganta da launin fasfo da abin da ke aljihu. Fim ɗin ya zo daf da wannan magana. Bos ɗinsa Bature ne mai matsakaicin shekaru, da hular hana sallah da baƙar riga, yana yawo cikin filin yadda ya ga dama ba mai ɗaga ido ya dube shi, kuma wannan rashin kallon shi ne babban makaminsa. Sai dai don mai kallo ya ji zafin abin, dole a nuna masa wanda ake kallon, a tsaya a kansa ko na minti biyu. Ba a yi ba.

Sauran kura-kuran ƙanana ne. Danielle Deadwyler, wadda ta fito a matsayin ƴar sandan ciki Elena Cole, ta fi ƙarfin abin da aka ba ta. Faɗan da ta yi cikin mota a guje, waƙar Kirsimeti na tashi, an yi ta yabonsa, ni kuwa aikin kwamfutar da ke ciki ya fito fili har ya fitar da ni daga labarin. Nora ba ta da aiki sai ta ƙarfafa wa namiji gwiwa sannan ta gudu. Bayanin cewa masu sayar da makamai ne suka shirya harin don a ɗora wa Rasha laifi a samu kwangila, an jefo shi ne a gurguje kamar an tuna da shi a makare. Filin da muke gani ma ba na Los Anjelis ba ne, tsohon ginin filin New Orleans ne aka yi wa kwalliya, amma wannan bai dame ni ba, layi duk layi ne.

Sai fitowar ƙarshe, bayan shekara guda. Ladan da aka ba Ethan saboda ceton jirgi shi ne a fitar da shi daga aikin. Ya zama ɗan sandan da ya daɗe yana mafarki, ga Nora ga jariri, za su tafi hutu Tahiti. Ya iso bakin na'ura a matsayin fasinja, tsofaffin abokan aikinsa suna nan inda ya bar su, sai ya ciro bajonsa na ɗan sanda ya ajiye cikin tire, kyamara ta tsaya a kai.